Ko Dutse Ko Akuya

Zuwa ga angona, Mai-ɗauke-wuta,

Sallama, da gaisuwa buhu guda, ka ɗiba ka raba wa abokan aikinka in akwai masu kirki a cikinsu. Ina fatan kana lafiya, kana zama ka ci abinci, ba shan shayi a tsaye kamar wanda aka biyo ba. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ce kawai take min rashin kunya, ita ma da safe ne, da rana ta ɗaga sai ta tuna ni ce uwar ɗakinta. Kawunka lafiya, matarsa lafiya, yaransu lafiyar ma ta yi musu yawa. Uwarka ta aiko da gaisuwa daga can inda mijinta ya kai ta, ta ce in ja maka kunne don ba ka nemanta.

Kada ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Kunnena ya yi nauyi, kai kuma ka ce ana karɓe muku waya a bakin ƙofar wurin aiki. Ban da haka, ban zauna a ajin manya ina tauna fensir a banza ba. In ka ji takardar nan tana ƙarni, ba ni ba ce, Mai-motar-kifi na ba, tunda shi yake zuwa tafkinku sarin kifi.

To angona, ka ja min magana a unguwa. Tun ranar da bakina ya suɓuce na ce jikana yana aiki a madatsar ruwan da ke ba mu lantarki, na zama ofishin kai ƙara. Da an ɗauke wuta sai in ji sallama. Tela ya zo, Mai-niƙa ya zo, har mai sayar da ƙanƙara ya tsaya min a ƙofa ruwa yana ɗiga daga buhunsa, wai in gani da idona. Na ce ku yi haƙuri, yaron nan tun yana rarrafe in ya ga abin dannawa sai ya danna.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Mai-motar-kifi ya ce min ruwan tafkinku ya janye irin janyewar da bai taɓa gani ba, har tsohon garinmu ya leƙo. Tun da na ji, zama ya gagare ni.

Ka san can aka haife ni. Ina budurwa aka zo aka ce za a tare kogi, kowa ya kwashe nasa ya nasa. Motar da aka ba gidanmu ta cika maƙil, saura abu biyu a ƙasa, dutsen niƙan Innata da akuya. Direba ya ce motarsa ba za ta ɗauki duka ba, ko dutse ko akuya. Inna ta dubi dutse, ta dubi akuya. Akuya ta yi kuka, dutse bai ce komai ba. Aka ɗora akuya. Ba mu gama sanin hanyar kasuwa a sabon gari ba, 'yar banzar ta tsinke igiya ta bi wani bunsuru, ba mu sake sa ta a ido ba. Daga nan har Inna ta koma ga Allah, in an ɓata mata rai ba ta zagi, ba ta duka, sai ta sauke numfashi ta ce, “Ni dai da dutsen na ɗauka.” Ranar da kakanka ya fara kawo gaisuwa gidanmu ma, da ta ƙare masa kallo abin da ta ce ke nan.

Dutsen na uwarta ne, tsakiyarsa ta lotsa kamar tafin hannu saboda aiki. Ina son ka ɗauko min shi kafin ruwanku ya dawo. Neman ba wuya. In ka shiga ta wajen rijiya, ka bar gidan Mai-tari a damanka, ka bi lungun da karen majemi yake haushi, ka wuce inda ake shanya barkono. Gidanmu ne mai gajeriyar ƙofa. Dutsen yana gindin bangon madafa, ɗansa yana kai.

Ka gaishe da ruwa.

Ni ce matarka ta fari, Kakarka.

*

Zuwa ga amaryata tsohuwa,

Na amsa sallama, na karɓi gaisuwa, ƙarnin ma ya iso lafiya. Ina nan ƙalau, ina cin abinci a zaune in an samu kujera. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ki gaishe da Kawu da mutanen gida, Umma kuma zan neme ta, a sakar min kunne.

Kaka, don Allah ki wanke ni wajen Tela da Mai-niƙa. Ni ba na danna komai. Ruwan tafki ne yake gangarowa ta cikin wasu manyan bututu, ya bugi farfela, farfela ta juya inji, inji ya ba da wuta. In ruwa ya yi ƙasa, bugun ba ya ƙarfi. Yanzu haka rabin injunanmu a kashe suke, ɗan abin da sauran suke bayarwa shi ake rarraba wa garuruwa bi da bi. Aikina in zaga in saurari kukan inji, in duba zafinsa da mansa. In kin ga fuskar babban injiniyanmu duk safiya yana duba ma'aunin ruwa, sai kin tausaya masa.

Maganar dutse, ranar hutuna na samu wani mai kwale-kwale ya kai ni. Kaka, ina baƙin cikin sanar da ke cewa karen majemi ya daina haushi. Mai-tari ma ban ji shi ba, barkono kuwa an kwashe. Babu bango ko ɗaya a tsaye, duk sun narke sun koma ƙasa. Abin da ya rage bakin rijiya ne na dutse, da kututturan itatuwa, da wani faffaɗan falalen dutse a inda nake zaton tsohon bakin kogi ne. Sauran fili ne fetal, laka ta lulluɓe komai. In dutsen Inna yana nan, to a ƙarƙashinta yake, sai wanda ya san daidai inda gidan yake zai ce a tona nan. Na zaga har rana ta yi tsaka, na nutse har cinya, laka ta ƙwace min takalmi ɗaya. Da ƙafa guda a takalmi na koma gida, masu gadi suna ta dariya.

Duk da haka na ji wani iri da na tsaya a bakin rijiyar. Akwai sawun igiya a jikin dutsen, ya ci shi layi-layi. Na ce wataƙila ɗaya daga ciki na guganki ne.

Na san halinki, saboda haka tun wuri nake faɗa, kada ki ce za ki taso yanzu, wurin nan bai dace da ke ba. Mu nan damina muke jira ido rufe, in ta sauka garin zai koma inda ya fito. Kafin nan zan sake gwadawa in na samu sarari.

Angonki mai takalmi ɗaya.

*

Zuwa ga Mai-takalmi-ɗaya,

Gaisuwa rabin buhu wannan karon, sauran na riƙe. Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi, tun da ta ji zancen tafiya ta shiga hankalinta.

Na karanta takardarka, na cire tabarau na goge na sake karantawa. “Wurin nan bai dace da ke ba.” To madalla. Garin da aka haife ni, inda na yi rarrafe na ci ƙasa, yau shi ne bai dace da ni ba. Ko dai ma'aikatarku ce ba ta dace da tsohuwa mai zani koɗaɗɗe ba? In kunyar nuna ni kake ga masu hular kwano, ka fito fili. Ni na wanke ka lokacin da ba ka da ko wando, ban ji kunyarka ba.

Amma sawun igiyar da ka gani ya sa na yafe rabi. Nawa ne na gefen gabas, mai zurfin nan. Ni kaɗai nake jan guga ta wannan gefen, don daga nan ake hango shagon da kakanka yake koyon ƙira.

Tunda ka ce sai wanda ya san gidan, to wanda ya san gidan yana nan zuwa. Kawunka ya fara da cewa ba inda za ni da wannan gwiwa. Ban yi masa musu ba. Na dube shi, na sauke numfashi, na ce, “Ni dai da dutsen na ɗauka.” Ya yi dariya har ya ƙware, matarsa tana bubbuga masa baya. Da ya dawo hayyacinsa ya ce in shirya, Mai-motar-kifi zai ba ni gidan gaba.

Abu ɗaya ya tsayar da ni. Ba zan shiga gidan Innata da tsohon kaya ba, kuma ba zan ba ka abin faɗa gaban ogan naka ba. Na kai wa Tela atamfa. Ka san me ya ce? Wai sai an kawo wuta. Kekensa na ƙafa ya sayar tun shekarar da aka ja mana waya, yanzu in ba wuta hannunsa a cinya yake. Ka ga aikinka. Kai ka hana ni zuwa da baki, ka kuma hana ni da inji.

Ba komai, ba sauri nake ba. Duk safiya nakan fito tsakar gida in duba sama, tas take kamar an wanke faranti, ko ɗigon girgije babu. Kuma in gaya maka, kai kana can kana roƙon ruwa, ni ina nan ina roƙon a ɗan dakata. Ban ce kada a yi ba, Allah ya kiyaye, manoma suna jira. Cewa na yi a fara da gonakin bayin Allah, a bar tafkinku daga baya. Sai mu ga wanda aka fi jin maganarsa, ni ko kai da ogan naka.

Mai-niƙa yana gaishe ka da irin gaisuwar da ba zan rubuta ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in na kawo dutsen Inna sai ya zo ya kama layi a gidanmu.

Kakarka, wadda ba ta dace ba.

*

Zuwa ga wanda ya manta da mutane,

Sallama dai, don sallama wajibi ce. Muna lafiya, in kana son sani.

Mai-motar-kifi ya je ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa, hannunsa babu komai sai ƙarni. Ya ce yana miƙa takarda ga mai gadi, mai gadi yana cewa kana ciki. Ciki ina? Ko ruwan ne ya haɗiye ka kai ma?

Da farko na ce fushi kake don na yi roƙon da ya saɓa da naka. Sai na ce a'a, angona ba shi da riƙo. Daga baya na ce to maganata ce ta tabbata, shiru ka yi don in gaji in fasa zuwa. Yanzu kuma na fara tunanin ko laka ta sake kama ka, wannan karon ba takalmi kaɗai ba. Wannan tunanin shi ne ba na so. Abinci ma na rage, matar kawunka tana ta murna tukunya tana saura.

Tela ya yanka atamfa, ya haɗa jiki, ya sa hannu ɗaya, aka ɗauke wuta. Sama dai har yanzu tas, saboda haka ina da lokaci. Amma ka rubuto ko layi ɗaya ne, ko da “ina da rai” ne, sauran na cike da kaina.

Kakarka.

*

Kaka,

Ina da rai. Ina lafiya ƙalau, ki ci abinci. Ki yafe gajeriyar gaisuwa, direba yana jira na injinsa a kunne.

Ba fushi ba ne. Da yake ruwa ya yi ƙasa, aka ce mu buɗe manyan injunan da ke kashe mu yi musu gyaran da aka daɗe ana ɗagawa. Can ƙasa muke wuni cikin cikin inji, mu fito baƙi ƙirin mu faɗi kamar buhu. Takardunki suna aljihun mai gadi, sai yau ya tuna. Na karanta su a tsaye, na ji kamar in nutse.

Ni in ji kunyarki? Kaka, laka nake nufi, laka kawai. Duk wanda ke ɗakin injuna ya san labarin akuya. Babban injiniya da kansa, in inji ya ƙi tashi, sai ya cire hula ya ce shi dai da dutsen ya ɗauka.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Ki daina duba saman gidan Kawu. Ruwan da ke cika tafkin nan ba a kanmu yake sauka ba. Can nesa yake zuba a kan duwatsun da kogi ya taso, ya yi ta gangarowa har ya iso mu rana tana ƙwalla. Masu auna kogi a can sun aiko cewa damina ta sauka musu da ƙarfi, kuma ga shi ya fara isowa. Falalen dutsen nan na bakin kogi ya riga ya nutse. Bakin rijiya yana waje tukuna, amma kullum ruwa yana matsowa.

Ki bar riga, ki bar Tela, ki biyo motar nan in za ta dawo. Na kira Kawu na gaya masa, amma na san ba kya yarda da magana sai kin gan ta a takarda.

Angonki.

*

Angona,

Kai, tsufa bai yi ba. Ni da aka haifa a bakin kogi! Muna yara mukan kwanta kogi yana can ƙasa, mu tashi ya zo gindin gonaki ba tare da ɗigon ruwan sama ba, Inna ta ce baƙon nesa ya iso. Zaman garin da ba kogi ya sa na koma kallon sama kamar kaza.

Na karɓo rigata wajen Tela da hannunta ɗaya, mayafi zai rufe sauran. Takardar nan da ni mota ɗaya za mu shiga. Na rubuta ne kawai don kada ka ce ban ba da amsa ba.

Kakarka, mai hannu ɗaya.

*

Zuwa ga surukata, uwar angona,

Sallama da gaisuwa, ke da maigidanki da yara. Ina rubuto miki daga ɗakin ɗanki a gidajen ma'aikata, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi. Lafiyarsa ƙalau, ya ɗan rame, ɗakinsa kuwa kada ki tambaya. Na ji yayanki ya gaya miki na tafi neman dutsen Inna, kin ce an bar tsohuwa tana yawo. To zauna ki ji yawon.

Mun iso da hantsi, ni da kwandunan kifi. Kafin a samu kwale-kwale, ɗanki ya ce sai na ga wurin aikinsa. Aka kifa min hular kwano a kan ɗankwali, muka sauka can ƙasa. Ɗaki ne da zai haɗiye unguwarmu, ƙasa tana rawa a tafin ƙafa, injuna suna gurnani kamar shanu sun ƙoshi. Babban injiniyan ya zo ya rusuna ya gaishe ni. Ya ɗaga murya ya ce, “Kaka, an ce ke kika riƙe mana ruwa!” Na ce, “Ɗana, aro na yi, yau zan mayar.”

Daga nan muka shiga kwale-kwale, ni da ɗanki da mai tuƙi, wani siririn dattijo mara yawan magana. Suka ɗaura min wata rigar hana nutsewa, na zama kamar kabewa. Da muka isa, na ware ido. Ba gari, ba fili, ruwa ne shimfiɗe ko'ina, sai bakin rijiya da kututturai sun ɗago kai. Ɗanki ya ce, “Kaka, mun makara.” Na ce a sauke ni.

Ruwan ya kawo min ƙwauri, ƙasar kuma tun kafin ya zo rana ta gasa ta ta yi tauri, ba ta nutsewa. Na dafa bakin rijiya, na sa yatsa a sawun igiyata. Na duba gabas, na duba yamma, wallahi ban gane komai ba. Ido ba shi da abin kamawa. Na yi ta dube-dube har mai kwale-kwale ya fara gyaran murya.

Sai na ce ya ba ni robar da yake kwarfe ruwa da ita. Na cika ta, na naɗe gefen mayafi na yi gammo, na ɗora a ka. Ɗanki ya ce, “Kaka, lafiya?” Na ce, “Riƙe min gwiwar hannu, ka rufe bakinka.” Ni ban taɓa barin rijiyar nan hannu sake ba, kullum da tulu a kai. Da nauyin ya zauna min a wuya, ƙafa ta ɗauki hanya da kanta. Na kauce wa gidan Mai-tari. A lungun majemi na samu kaina ina sauri ina raɓewa gefe, saboda karen. Ɗanki yana ta faɗin a hankali, a hankali, bai san cizo nake kare mana ba. Can sai na ji na sunkuya, alhali ba komai a sama sai sarari. Gajeriyar ƙofarmu ce. 'Yar nan, a nan hawaye ya zo, ban kira shi ba.

Na juya hagu zuwa madafa, na sauke roba inda nake sauke tulu, na ce a tona nan. Ruwan wurin ya wuce gwiwa. Ɗanki ya duƙa yana yaƙushin laka da hannu, dattijo yana taya shi da filafili. Aka jima ba komai, har na fara shirya abin da zan ce in kare kaina. Sai ɗanki ya ɗago, fuskarsa duk taɓo, ya kamo hannuna ya tura cikin ruwa. Tafina ya zauna cikin lotsawar nan daidai, sumul, kamar jiya Inna ta tashi daga kai. Ɗan dutsen ma yana nan a gefensa, ya gangaro kaɗan.

Suka yi ta fama har suka ɗaga shi daga laka. Mai kwale-kwale ya taɓa nauyinsa, ya dubi jirginsa, ya dubi iskar da ta fara tayar da ruwa, ya girgiza kai. Ya ce, “Jirgin nan ba zai ɗauki duka ba. Ko dutse, ko tsohuwa.”

Wallahi bai san labarin ba, na tambaye shi daga baya. Ɗanki ya dubi dutse, ya dube ni, ya sake duban dutse, mara kunya, har da riƙe haɓa. Ni kuwa na san yadda ake cin wannan shari'a. Na buɗe baki na yi kukan akuya iya ƙarfina. Ɗanki ya zauna daɓas cikin ruwa don dariya, dattijo ya zaci aljanu ne suka taɓa ni.

Da muka natsu ɗanki ya ce gobe da sassafe zai nemo babban jirgi da ƙarti, ko ruwa ya kai ƙugu za su ciro shi. Na sake sa hannu na shafa dutsen. Na ce a mayar da shi yadda yake. Ya fi ni daɗewa a gidan nan, shi kaɗai ya zauna ya riƙe mana wuri. In na kai shi gidan yayanki, matarsa bokiti za ta riƙa ɗora masa. Ɗan dutsen kawai na ɗauka, na ƙulle a mayafi, hannun rigar da babu ya fito fili, ban damu ba.

Da kwale-kwale ya juya, na tuna fuskar Inna a bayan motar nan, akuya a cinyarta, tana waige. Ni ma na yi ta waige har rijiya ta ɓace.

Ki turo wa yaron nan zannuwan gado, abin da yake kwana a kai ba ya faɗuwa.

Uwarki.

*

Zuwa ga angona, Mai-kawo-wuta,

Sallama, da gaisuwa buhu biyu, har da wadda na riƙe kwanaki. Na iso gida lafiya. Gwiwa ta yi fushi ta kumbura, na ce ta yi ta yi, ta ga garinsu ita ma. Ina fatan takalman da Kawunka ya aiko sun yi maka, guda biyu ne, ka riƙe su tare.

Ka ga yadda na canja maka suna? Ba ni ba ce, unguwa ce. Ban gama warware gajiya ba wuta ta zauna, ba ƙiftawa. Yanzu zance ya zaga cewa ni na je har ma'aikatarku, na sa hular kwano, na tsare babban injiniya na yi masa tatas, shi ne ya saki wuta. Ban ce haka aka yi ba, ban kuma ce ba haka aka yi ba. Mai ƙanƙara ya aiko min da ruwan sanyi. Mai-niƙa in ya gan ni har hula yake cirewa. Tela ya zo da kansa ya karɓi riga ya sa mata ɗaya hannun, sai dai ya fi na farko tsawo, wai don girmamawa.

Ka gaya wa oganka na janye roƙona, ku sha ruwanku. Na san yanzu ya rufe rijiya, ya bi lungun majemi, ya shiga ta gajeriyar ƙofa ba sallama. In na kunna fitila da magariba nakan ce wannan ta madafar Inna ta biyo kafin ta zo nan. Kawunka ya ce ba haka lantarki yake aiki ba. Na ce shi ya taɓa sa hular kwano?

Ɗan dutsen yana kan taga kusa da gadona. Yaran gidan nan sun ɗauke shi sau ɗaya za su fasa gyaɗa, sun ji a jikinsu. In na mutu naka ne, na faɗa gaban kowa.

Saura magana ɗaya. Na ga yadda ka daɗe kana duban dutsen nan kafin ka dube ni, kada ka zaci tabarau ba ya gani. Duk da haka ni ka ɗora a jirgi, kuma ni ba igiyar da zan tsinke, ba bunsurun da zan bi, kana tare da ni har illa masha Allahu. Saboda haka na ba ka gadon Inna tun ina da rai. Duk ranar da na ishe ka, ba sai ka yi min shiru ba. Ka sauke numfashi, ka faɗi abin da take faɗa.

Ni ce akuyarka, Kakarka.